Rabin Littafinka Yana Wurina

Zuwa ga taubashina, Mudi tela na Kibiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya sa kana kwance cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, ba yadda na rubuta ta za ka karanta ba. Daga ƙasa za ka fara, ka ga yadda na yi sallama, sannan ka hauro sama ka duba ko akwai abin da ya kawo ni. To, yau ba ka da wannan dama. Sai ka daure in fara daga farko, yadda mutanen kirki suke yi.

Gida kowa lafiya. Damina ta ƙare lafiya a bayanka, gyaɗa ta yi sosai wajen Kahu da Fassi, dawarka ta bayan gari ma ba laifi. Ɗanka Garba ya hau kekenka na ɗinki, ya kuma riƙe zauren. Ya ɗinka mini taguwa, hannun dama ya fi na hagu tsawo, na ce alhamdulillahi, sana'a ba ta mutu ba, yaro ya gaji ubansa. Matarka Hajara ta fita takaba. Ta rame, amma bakinta yana nan yadda ka bar shi.

An kuma ce mun sami mulkin kai. Aka raba wa yaran makarantarmu 'yan tutoci, muka jera su a rana, aka yi jawabi mai tsawo. Ni ina tsaye a baya ina tunanin irin aikin da ya wuce ka, don da kana nan da rabin tutocin nan a zaurenka za a ɗinka su, a karkace. Washegari na tashi na tarar ciwon gwiwata bai ji labarin an yi canji ba. Allo shi ne dai, alli shi ne dai, yara kuma har yanzu ba su san inda ake sa aya ba.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Mudi, tun ranar da muka kai ka makwancinka na daina karatu. Ba na makaranta nake nufi ba, wannan ai kamar noma ne, dole a fita ko ana so ko ba a so. Wancan nake nufi, namu, wanda ba a ba mutum satifiket a kansa. Sai in ɗauko littafi bayan la'asar, in gyara tabarau, in bi layi biyu ko uku, in ga baƙaƙen sun tsaya suna kallona kamar tumakin wani. Na ɗora wa idona laifi, na je har Kano aka canja mini gilashi. Na dawo ina ganin kowane wasali tar, amma ba abin da ya motsa a raina. Sai tsoro ya kama ni. Kada dai a ce duk shekarun nan ba karatu nake so ba, musu da kai nake so, littafi kuwa sanda ce kawai da muke dukan juna da ita?

Ka tuna yadda abin ya fara? Ni aka kama aka kai makarantar boko a nan Rano, lokacin da ake bi gida gida ana neman yara, uwata tana kuka kamar an tafi da ni ke nan. Kai kuwa Kawu, mahaifinka, ya ɓoye ka a rumbu ka tsira, ka zauna a Kibiya da allonka da allurarka. In na zo hutu sai ka sa ni gaba da tsiya, wai kai ne ubangidana tunda uwata ƙanwar ubanka ce, ga shi kuma bawanka ya zama yaron Nasara, yana rubutu daga hagu kamar mai ciwon hannu. Don ka ji daɗin yi mini dariya ka ce in nuna maka baƙaƙen. Na zana maka su a ƙasa da tsinke, ina jin kaina malami. Kafin hutu na gaba ka karanta littafin ajinmu kaf, har da bangon baya. Ni haddace shi na yi don kada a zane ni. Kai kuwa ka tare ni a ƙofar gida kana tambayata, shi mutumin nan da jakinsa ya faɗa rafi a shafin ƙarshe, sai me ya faru da shi? Na ce ba a tambayar wannan a jarrabawa. Ka dube ni yadda ake duban mara lafiya.

Wannan tambaya taka ita ta lalata ni. Kafin ranar ban san ana iya damuwa da mutumin da yake cikin takarda ba. Na koma makaranta ina tunanin mai jakin nan, ko ya fita, ko jakin ya karye. Kawu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa yarda da abin ba har ya bar duniya. Yakan ce ga manya da gemu sun zauna suna tatsuniya da rana tsaka. Amma ka lura bai taɓa ɗauke buzunsa daga inda muryarka take kaiwa ba?

Littattafai a lokacin ba su da yawa, yanzu ma ba su yi yawa ba. Sai wani ya je birni, ko an aiko wa makaranta daga Zariya, sannan ɗaya ya faɗo hannuna. Ni ina Rano, kai kana Kibiya, ba ma haɗuwa sai ranar kasuwarku in na hau keke na zo. Ni ba na sauri, kai ba ka da haƙuri. Ka ce ba za ka zauna kana jiran malamin da yake tauna kowace kalma kamar tsohuwa ta sami goro babu magogi. Ran nan ina ji ina gani ka ɗauki reza ka bi ta bayan sabon littafi, ka raba shi biyu kamar mahauci. Na kusa suma. Ka miƙo mini rabin farko, ka rungume na ƙarshe, ka ce kowa ya tafi da nasa, kasuwa mai zuwa a yi musanya.

Haka muka yi ta yi har furfura ta fito mana. Kullum kai ne da ƙarshe. Hujjarka wai ba wanda ya san ranar tafiyarsa, gara mutum ya ji yadda aka ƙare tun yana numfashi. Dariya nake yi maka a lokacin. In mun yi musanya kowa ya karanta, sai ka haɗa su ka ɗinke da basilla da baƙin zare, ɗinkin da ya fi duk wanda ka taɓa yi wa rigar mutum kyau. Sannan a zauna musu. Ka ce sarkin cikin labarin azzalumi ne, in ce yana da dalilinsa. In ka gaji ka dawo bayana, ni kuma in koma inda ka baro. Masu jiran ɗinki su yi ta hamma har su tashi su tafi.

Na ƙarshen da ka yanka shi ne na mai haƙar rijiyar nan. Kai ba ka san farkonsa ba, bari in gaya maka, tunda ba ka tsaya ka karɓa ba. Wani gari ne da ba su da ruwa, mata suna tafiya mai nisa kafin su samo. Wani baƙo ya zo ya ce zai haƙa musu rijiya a kan tudun da kowa ya ce babu ruwa. Da farko suna kai masa tuwo, suna ja masa ƙasa da guga. Da abin ya yi tsawo sai suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, har yara suna leƙawa suna jefa masa tsakuwa. Shi dai yana ƙasa yana haƙa. Ya kai ga wani falalen dutse, ya durƙusa ya kara kunnensa a kai, sai ya ji. Nan rezarka ta bi. Sai ya ji me? Ko jimlar ba ka bari ta ƙare ba.

Ranar kasuwar da za mu yi musanya na zo da rabina a aljihu, na tarar da kai kwance da zazzaɓi, ba ka gane mutane sosai. Na ce a raina kasuwa mai zuwa. Kafin ta zo aka aiko. Ka tafi ka san yadda mutumin ya ƙare ba ka san ko wane ne ba, ni kuma ka bar ni na san shi har da sunan garinsu, yana durƙushe a ƙasan rami da kunne a kan dutse. Wannan adalci ne?

Ban iya tambayar rabin nan a zaman makoki ba. Wa zai buɗe baki ana addu'a ya ce ina sauran littafina? Sai bayan an yi arba'in na sami Garba a zaure, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ya buɗe mini akwatinka na ƙarfe, ga su nan jere, kowanne da baƙin zarensa a baya. Rabin kuwa babu. Ya yi tunani, ya ce ai da suka share zauren sun tara takardun da kake yanka fasalin riga a kansu, da duk wata takarda mara bango, Gwaggo Tabawa mai ƙuli-ƙuli ta roƙa aka ba ta. Ya ce sai da ya duba ya tabbata ba rubutun Arabiyya a ciki kafin ya bayar. Yaron ya yi abin da ya kamata. Abin da ba shi da bango ba shi da farko, wa zai kira shi littafi in ba ni da kai ba?

To, ka san abin da taubashinka ya zama? Babban mai cinikin Tabawa. Ni da haƙorana suka fara girgiɗa, na riƙa sayen ƙuli-ƙuli kowace kasuwa, ina cewa a ƙunsa mini kaɗan-kaɗan, kowanne da takardarsa. Tana yi mini kirari, wai malamin Rano ya san abu mai kyau. Da ta gane takardar nake so ba ƙulin ba, ta kwashe da dariya har ta kira mai daddawa ta kusa da ita ta zo ta ga ikon Allah. Sannan ta juye mini abin da ya rage a ƙasan kwando. 'Yan shafuka ne, mai ya jiƙa su har ana ganin rubutun baya ta gaba. A ɗaya mutumin yana neman aron guduma. A wani ana maganar wata tsohuwa da ban san inda ta fito ba. Ƙarshen kuwa ya daɗe da tafiya. Wani ya kai wa 'ya'yansa tsaraba a ciki, an ci an goge hannu da shi an yar. Na aika wa wani abokina a birni ya nemo mini wani, ya ce ya ƙare, ba a kuma san ranar da za a sake bugawa ba.

Na gaji, Mudi. Akwai gajiyar keke, ita na saba da ita, wannan daban ce. Na zauna da rabin littafi da tarin ƙulin da ba na iya taunawa, matata Ladidi tana tambaya ko ta kira mini mai ruƙiyya. Na ce a raina shi ke nan. Mutum in ya kai shekaruna ya isa ya bar tatsuniya ya kama carbi, yadda Kawu ya so tun farko.

Da Hajara ta fita takaba na je gaishe ta. Na zauna a zaure kusa da Garba yana taka keke, ita tana daga ciki bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa da addu'a ta ce ta ji labari wai na koma cin ƙuli da tsufana, ko Ladidi ce ta daina tuƙa mini tuwo? Na gaya mata gaskiya. Na ji hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Can ta ce in dai mai rijiyar nan ne, ai ita ta san yadda ya ƙare.

Ashe duk shekarun nan kana karanta mata? Ko sau ɗaya ba ka gaya mini ba, munafuki. Ta ce in ka shigo da rabinka ba ka iya riƙe shi a ciki, sai ka bi ta har madafa kana karantawa da ƙarfi, tana fama da hayaƙi kana ba ta labarin wanda aka naɗa da wanda aka kora. Amma in rabin farko ya zo hannunka sai ka karanta shi shiru, tunda ka riga ka san inda za a. Ta ce shekara da shekaru mutane suna aure suna mutuwa a tsakar gidanta, ba ta san iyayensu ba, ba ta san garinsu ba. Ta sha yi wa mutum kuka ba ta san laifin da ya yi ba.

Na roƙe ta ta gaya mini. Ta ce a'a, mutumin Rano, ba haka ake yi ba. Ita ma tana da tata tambayar. Wa ya sa shi shiga ramin tun farko, kuma ina danginsa suke da suka bar shi haka? Ta ce ta matsa maka har ka yi mata alkawarin wannan karon za ka karanta mata farkon in ya iso. Saboda haka in karanta mata nawa tukuna, ko sau ɗaya a rayuwarta ta kama labari ta kai ba ta wutsiya ba.

Rabin yana aljihuna, don tun rasuwarka ban taɓa zuwa Kibiya ba tare da shi ba, kada ka tambaye ni dalili. Na fito da shi. Na fara karantawa kamar ɗalibin da bai yi bita ba. Garba ya rage taka keken, can ya daina gaba ɗaya. Na kai wurin da matan garin suka daina kai wa mutumin abinci, na tsaya in goge tabarau, sai na ji daga bayan ƙofa an ce sai me ya faru. Muryarta ce, amma har da yadda kake jan ƙarshen. Na daɗe ina goge tabarau ɗin nan.

Da na kai inda rezarka ta bi, ta karɓa. Ta ce motsin ruwa ya ji a ƙarƙashin dutsen. Ya yi ta dukan dutsen nan shi kaɗai har ƙarfinsa ya ƙare, ciwo ya kama shi. Tsohuwar nan ta cikin shafin Tabawa ita ta sa aka fito da shi da igiya, ya mutu a ɗakinta bai ga ruwa ba. Daga baya wani ya zo wucewa, ya shiga ramin, ya buga guduma kaɗan dutse ya tsage, ruwa ya taso. Da sunan na biyun ake kiran rijiyar.

Ban sani ba ko ta ƙara nata gishirin, ba kuma yadda zan yi in sani. Amma ta ba ni abin da babu shi a littafin. Ta ce ranar da ka gama ka yi jifa da shi a kan keke, ka ce marubucin nan ba ya tsoron Allah. Me zai rage masa in ya bar bawan Allah ya sha ko moɗa ɗaya kafin ya kashe shi? Ka yini kana faɗa da shi, har ka ɗinka wa wani aljihu baki ƙasa. Ka kuma ce ka san Bala, wato ni, in ya zo zai gyara hula ya ce ai haka duniya take, marubuci ya yi daidai, don malaman makaranta ba sa jin daɗin abu sai yana da ɗaci. Ka ce ka tanadar mini amsa. Ita ba ta san amsar ba, don washegari zazzaɓin ya fara.

Na hau keke na kamo hanyar gida ina shirya maka hujjoji, yadda na saba. Ina da su, masu kyau kuwa. Cewa ba kowa yake ganin ƙarshen aikin da ya fara ba. Cewa da ya sha ruwan, da mun rufe littafin mun manta da shi kafin magariba. Wannan ta biyun ta yi mini daɗi har na maimaita ta da ƙarfi, wani mai jaki ya waiwayo. Amma kafin in hango duwatsun Rano na ga ban yarda da ko ɗaya ba. Na tuna ka kwance ran nan, leɓenka a bushe, rabin da kake jira yana aljihuna kusa da kai, ba ka ma san na zo ba. Ya kamata marubucin ya bar shi ya sha, Mudi. Moɗa ɗaya. Ka yi gaskiya. Yau na bi bayanka a musu da zuciya ɗaya, ba ka nan balle ka tara mutanen kasuwa su shaida. Abin da kawai na samu shi ne ka yi kuskure a kaina.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don taubashi ba ya gode wa taubashi, sai a ce ya sallama. Ni aka kai makaranta, ni ake ce wa Malam. Can aka koya mini yadda ake karantawa. Amma mutum ya ɗauki littafi ba wanda ya aike shi, ba wanda zai tambaye shi, wannan a zaurenka na same shi, a tsakanin ƙyallaye. Da ba don kai ba da ina nan kamar wasu abokan aikina, waɗanda rabonsu da buɗe littafi don kansu tun ranar jarrabawarsu ta ƙarshe. Na gode. Ka ji na faɗa, ba zan kuma maimaita ba.

Yanzu Hajara ta kafa mini doka. Kowace kasuwa Garba zai fito da ɗaya daga akwatin, in karanta mata farkonsa. Na baya da muka yi, ina cikin ba ta labarin wani yaro mai ladabi, ta katse ni ta ce au, ashe wannan ne ɗan banzan da aka kora daga gari? Ta ɓata wa Garba labarin gaba ɗaya. Ka horar da ita sosai. Ban san ko nawa za mu gama ba, gwiwar nan ba ta son keke, idon ma yana ja da baya. Ban kuma ce abin ya dawo kamar da ba. Ni kaɗai a gida har yanzu nakan kai shafi kaɗan in rufe. Amma jiya na ɗauko wanda zan karanta mata, wai in ɗan yi bita, ban farga ba sai da Ladidi ta zo ta ce tuwo ya huce, in da ƙuli zan ci in gaya mata.

Na karɓi basillarka a wurin Garba, na haɗa rabina da shafukan Tabawa na ɗinke. Ɗinkin ya karkace, na soke yatsa, littafin yana warin ƙuli. Na sa shi a akwati tare da 'yan uwansa.

An aiko wa makaranta da wani sabo makon nan. Ga shi nan a kan tabarma, ba wanda ya taɓa shi da reza. Ban san sabon littafi yana da nauyi haka a hannu ba. Daga farko zan fara.

Ka riga ni sanin ƙarshe, kamar kullum. Kada ka gaya mini. Ina tafe a hankali, yadda ka san ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai ruwan da ba ƙishi a bayansa.

Ni ne taubashinka, wanda har yau bai yarda kai ne ubangida ba,
Bala, mai rabin farko.